Matambayi Ba Ya Ɓata: Mma ta ƙi hawa eskaleta, ga Hajji ya matso

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya cikin wasa na ce tunda gwiwata ta hagu ta fara ba ni labarin shekaruna babu abin da nake sa wa albarka a garin Accra kamar eskaleta, wato matakalar nan mai tafiya da kanta, ashe na taɓo inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi, saƙonni suka yi ta shigowa har na ajiye tambayoyin aure da na haya zuwa wani makon. Masu su ku yi haƙuri. Ga waɗanda na tsinto.

TAMBAYA: Anti salamu alaikum, ya aiki ya yara. Dan Allah shawara nake nema. Mma ce Allah ya ba ta kujerar Hajji bana, yayanmu da ke Jamus ne ya biya mata, shekarunta sun haura sittin kuma gwiwa na damunta sosai sallah ma wani lokaci a kujera take yi. Toh maƙwabciyarmu da ta je bara ta ce mana tun daga filin jirgi har cikin Harami eskaleta ce ko'ina, gara Mma ta koya tun a gida. Ran Asabar na ɗauke ta muka shiga trotro, motar haya, zuwa tashar 37 muka ƙarasa wani mol a Airport City don ta gwada, wallahi Anti minti goma tana tsaye tana kallon abin, daga ƙarshe ta ce ita ba za ta hau benen da ke haɗiye kansa ba, wai ina matakalan suke zuwa in sun shige ƙasa, abin da ya haɗiye ƙarfe ai ƙafar mutum ba komai ba ce a wurinsa. Wasu yara suna ta dariya, ta ji kunya ta bi matakalar ƙafa ta hau, daren nan ba ta yi barci ba sai da na shafa mata man zafi. Yanzu ko zancen ba ta so. Ya zan yi da ita? Daga ɗiyar Mma, Nima.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa Mma ta je lafiya ta dawo lafiya, ya yi wa yayanku albarka. Da farko dai ki gaya mata in ji ni tambayar da ta yi tambayar mai hankali ce, yaran da suka yi dariya in kika tsare su kika ce ina matakalan suke zuwa ko ɗaya ba zai ba ki amsa ba, hawa kawai suka iya.

Ki ɗauko carbinta ki nuna mata. In tana ja, ƙwayar da ta wuce ta shige cikin tafin hannu ta ɓace ne? Tana zagayawa ta dawo. Toh eskaleta carbi ce ta ƙarfe. Matakalan duk a ɗaure suke jikin sarƙa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, irin sarƙar keke amma ƙatuwa, akwai injin lantarki a ɓoye ƙarƙashin daɓen sama yana juya sarƙar. Matakalar da kika ga ta lafe ta shige ƙasa juyawa ta yi ta bi ta ƙarƙashi a kife ta koma inda ta fito, ta sake ɗagowa ta ɗauki wani. Babu rami a wurin, babu baki. Robar da ake riƙewa a gefe ma haka take zagayawa, injin ɗaya ne ke jansu shi yasa suke tafiya tare. Sannan ki sa ta duba fuskar matakalar da kyau, za ta ga layi-layi ne kamar an tsaga, a bakin wurin sauka kuma akwai haƙora kamar na mataji da ke shiga cikin layukan nan, aikinsu kenan su tsefe duk abin da ke kan matakalar su turo shi waje, da wuya ƙafar mutum da takalminta ta wuce ta nan.

Gudun ma da ido ke gani ba gudu ba ne. Yawancin na kantuna rabin mita suke yi a sakan ɗaya, Mma da gwiwarta in za ta masallaci ta fi haka sauri. Abin da ke ruɗa mutum shi ne ƙasa ce ke tafiya, kuma tunda aka haife mu ƙasa a tsaye muka san ta.

Kuma kar ta ɗauka tsoron na mutanen zango ne. Turawan da suka ƙera abin ma haka suka yi. A 1896 wani Ba'amurke Jesse Reno ya kafa tasa a Coney Island, wurin wasa ne a New York, mutane layi suke yi su hau don nishaɗi kamar yadda yaranmu ke hawa lilo ranar Sallah. A 1898 da babban kantin Harrods na Landan ya sa tasa, ma'aikaci aka ajiye a sama yana tarbar waɗanda suka iso jiki na rawa yana ba su barasa su kurɓa hankalinsu ya dawo, mu dai alhamdulillahi ruwan leda mai sanyi ya ishe mu. Irin mai matakala sosai da muke hawa yau kamfanin Otis ne ya nuna ta a baje kolin Faris a 1900, sunan eskaleta ma nasu ne na kasuwanci sai a 1950 ya zama na kowa. Kinga kenan shekara ɗari da ashirin da wani abu mutane na tsayawa a gabanta suna zare ido, Mma ba ita ce farau ba.

Ni kaina sai da na haura talatin na fara hawa, kuma ban hau da mutunci ba. Na sa ƙafa ɗaya na bar ɗayar a ƙasa ina shawara da zuciyata, ƙafar da na sa ta tafi ta bar ni, na buɗe kamar almakashi, wani bawan Allah da ke bayana ya ɗago ni ta hammata kamar buhun masara, silifas ɗina ɗaya ya riga ni isa sama yana can yana jirana a bakin haƙoran nan yana rawa. Kuskurena ɗaya ne, shawara a kan bakin matakala. In za a hau a hau, in ba za a hau ba a koma gefe.

Yanzu ga yadda za ki yi. Kar ki sake kai ta ran Asabar, ranar yara ce da masu ɗaukar hoto. Ku je Talata ko Laraba da safe ana buɗewa, lokacin daga ku sai masu shara. Ku fara da hawa, sauka ta fi ban tsoro don mutum na ganin zurfin a gabansa. Ki karɓe mata jaka da leda duka hannunta ya zama babu komai, ta tattare zani ko abaya da hannun hagu ya ɗago sama da idon sawu, ta ɗora hannun dama kan robar gefe tukuna, ɗorawa ba damƙa ba, ta ji yadda take tafiya, sai ta taka tsakiyar matakala ba kan tsagar da ke tsakanin biyu ba, galibi akwai layi ruwan ɗorawa a bakin kowace, ta sa ƙafa bayan layin, ɗayar ƙafar ta biyo nan take. Ke ki tsaya matakala ɗaya a bayanta in hawa ne, in sauka ce ki tsaya ɗaya a gabanta, ko da ta yi baya ko gaba jikinki za ta samu. Kar ki riƙe mata hannu kina ja, masu ja su ne ke kayar da tsofaffi. Wurin sauka ta ɗaga ƙafa ta taka daɓe ta ci gaba da tafiya taku uku huɗu kafin ta tsaya gyara mayafi, wannan ki nanata mata sosai don a Harami mutum ɗari ne a bayanta kuma injin bai san Hajiya ta tsaya ba, zubo su zai ci gaba da yi.

Inda tsoronta ke da gaskiya shi ne tufafi. Ƙafa ba kasafai take shiga ba amma bakin abaya mai jan ƙasa, dogon hijabi, igiyar takalmi, waɗannan suna iya maƙalewa a haƙoran ko a ɗan tsagin da ke tsakanin matakala da bangon gefe. Burushin nan baƙi da kike gani a gefe ba na goge takalmi ba ne duk da na sha ganin samari suna goga nasu, an sa shi ne don ya taɓa ƙafarki ki matsa tsakiya. Ki nuna mata jan maɓallin da ke sama da ƙasa kusa da inda robar hannu ke shigewa, ko waye ya danna injin tsayawa yake, ba sai an nemo ma'aikaci ba. Tsoho in ya san abu na da birki rabin tsoron ya tafi.

Maƙwabciyarku gaskiya ta faɗa, Terminal 3 na filin jirgin saman Accra da aka buɗe a 2018 akwai su, Masallacin Harami akwai su zuwa benaye har rufin sama, gadar Jamarat a Mina ma hawa-hawa ce kuma akwai gine-ginen eskaleta da ke kai mutane benayen. Akwai lifta a wurare da yawa amma a cunkoson Hajji layin masu keken guragu kaɗai ya ishe ta. Ranar da Mma ta gama ɗawafi da sa'ayi ƙafa ta yi nauyi kamar turmi, ta ga abin da zai ɗauke ta ya kai ta bene tana tsaye tana istigfari ko sisi ba a ce ta biya ba, da bakinta za ta kira ki ta ba ki labari. Ku je sau uku ko huɗu kafin tafiya, in ta yi na farko ki saya mata wani abu mai sanyi a sama ku zauna ta huta, kar ki ce a sake nan take.

TAMBAYA: Anti ni fa ban yarda da yabon nan da kike yi ba. Lalaci ne kawai na Turawa, mutum da ƙafarsa lafiya ya tsaya ƙiƙam inji na ɗaukarsa, kakanninmu da ƙafa suka zo daga Kano har Salaga da jakuna suna fataucin goro. In kuma har abin kirki ne me yasa ba a sa mana a gadojin ƙafa na titin Madina ba sai a mol inda masu kuɗi ke zuwa? Wani ɗan Madina Zango.

AMSA: Ɗana, kakannin namu da ka ambata ai da jakuna ka ce, me yasa ba su ɗauko goron a ka ba tunda ƙafarsu lafiya? Duk wanda ya samu abin da zai rage masa wahala ya karɓa, kai ma nan da ka rubuto min na tabbata ba da ƙafa kake zuwa Circle ba. Shekarunka ne ke magana. Ka je kasuwar Makola ko ta Kaneshie da rana tsaka ka tsaya gindin matakala minti goma kawai ka kalli masu hawa, kayayo, mata 'yan dako, da kwano a ka da goyo a baya, mai ciki wata takwas, tsoho mai hawan jini da ke tsayawa kowace matakala biyar yana yi kamar waya yake dubawa alhali numfashi yake nema. In kai kana son motsa jiki matakalar ƙafa na nan a gefe ba wanda ya hana ka, har lada za ka samu in ka ɗaukar wa wata kayanta.

Amma rabin tambayarka na biyu ya fi na farkon nauyi, kuma a nan ina bayanka. Ku mutanen Madina da Adenta kun fi kowa sanin zafin maganar gada, sai da aka yi ta rasa rayuka a titin nan har mutane suka fito suka tare hanya a Nuwamban 2018 bayan mota ta kashe wata ɗaliba, sannan aka zo aka ƙarasa gadojin. Yanzu ga gada amma ka duba tsawon zagayen da mutum ke yi kafin ya kai sama, shi yasa har gobe za ka ga tsohuwa ta gwammace ta tsallaka ta ƙasa tana ɗaga wa motoci hannu. Ba taurin kai ba ne kullum, wani lokacin gwiwa ce.

Kuma akwai garuruwan da suka sa wa talakawa. A Medellin ta ƙasar Kolombiya akwai unguwar marasa ƙarfi da ake kira Comuna 13, a jikin dutse take, a 2011 aka kafa musu eskaleta a waje tsakiyar unguwa, tsawon mita 384 kashi shida, hawan da ke cin kusan rabin awa ya koma 'yan mintuna, kuma kyauta. Hong Kong tun 1993 suna da wata mai tsawon mita 800, da safe tana gangarowa da masu zuwa aiki, daga wajen ƙarfe goma a juya ta ta koma hawa har dare. Wato ana iyawa.

Abin da ke ba ni tsoro a namu ba sayen ba ne, riƙon ne. Inji ne mai son wuta ba yankewa, mai son mai da shara da makaniken da zai leƙa shi a kai a kai, ga ƙurar hunturu, ga ruwan Yuni da ke mayar da titi kogi, ga ledar ruwa da ɓawon gyaɗa da za su cika haƙoran cikin kwana biyu. Wanda ya ga dumsor na 2015, wato yawan ɗauke wutar nan, ya san abin da nake nufi. Mol na da janareto da mai gadi da wanda za a kama in ta lalace, gadar titi wa za a kama? In ba a shirya wannan ba wata uku za ta yi ta mutu, masu talla su shimfiɗa tumatir da caja a kanta. Ni da za a tambaye ni, a fara da manyan kasuwanni masu bene da asibitoci, inda akwai rufi akwai mai kula.

TAMBAYA: Anti rannan na je wani kanti an ɗauke wuta eskaleta ta tsaya, na ce bari in taka da ƙafa, ina sa ƙafa na ji jiri kamar an ture ni gaba. Ƙawata ta ce iska ce ko jinina ne ya hau. Wata amarya daga Fadama.

AMSA: Amarya ba iska ba ce, kowa na jin haka har wanda ya fi ki lafiya. Jikinki ya riga ya haddace cewa wannan abin tafiya yake, idonki na ganin a tsaye yake amma ƙafa da ƙugu sun riga sun shirya wa motsi, sai ki ɗan yi gaba, taku biyu uku ya wuce. Ƙari a kan haka matakalanta sun fi na bene tsayi, kuma na farko da na ƙarshe ba daidai suke da sauran ba tunda a nan suke lafewa, shi yasa hawanta a tsaye ya fi gajiyarwa. In akwai matakalar ƙafa kusa ki bi ta, in kuma an gitta igiya ko an sa allo kar ki tsallake, wataƙila masu gyara sun cire wata matakalar a tsakiya. Amma in jirin na zuwa miki a gida ma ko a kasuwa, toh wannan ki je a auna ki, kuma tunda amarya ce ke kar ki yi mamakin abin da nas za ta gaya miki.

TAMBAYA: Hajiya yarana uku duk Asabar sai sun sa ni kai su mol, ba sayen komai muke ba, hawa da sauka kawai suke har mai gadi ya fara harararmu. Laifi ne? Baban yara, Sabon Zango.

AMSA: Alhaji ba laifi, mutanen New York ma da haka suka fara kamar yadda na faɗa a sama, kuma nishaɗin da ba a biya a Accra ta yau ai ba a raina shi. Sharaɗi dai kana tare da su, ƙaramin hannunsa a naka, fuska gaba, ba zama a kan matakala, ba gudu a juye, ba leƙa kai ta saman robar hannu don akwai inda take wucewa dab da silin. Ka kula da takalman roban nan masu laushi masu huji-huji da yara ke so, su ne suka fi maƙalewa a gefe in yaro na goga ƙafa, su tsaya tsakiya. Keken jariri da tirolin kaya kuma lifta ake bi da su. In sun yi sau uku ya isa, ka saya musu ko alawa ce a ciki mai gadin ya ga kai ma kwastoma ne.

TAMBAYA: Anti akwai addu'ar da ake yi in za a hau? Kakata ta ce a yi ta hawa abin hawa. Jikar Hajiya, Mamobi.

AMSA: Jikar Hajiya, fatawa ta malamai ce, ki tambayi limaminku ran Juma'a. Abin da ya zo a Bukhari daga Jabir, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne sahabbai in suna hawa tudu kabbara suke yi, in suna gangarowa su yi tasbihi. Ni dai bismillah nake yi in taka, in yi Allahu akbar a hawa, subhanallah a sauka, hannuna ɗaya a kan roba ɗaya riƙe da bakin abaya. Ki gaida min Hajiya, ki ce in za ta gwada ta sa takalmi mai maɗauri a baya, kar ta je da silifas irin nawa.